Alwalar Malama Mardiyya

A shekarar 2019 wata makarantar matan aure a Shinkafi ta ɗauki Malama Mardiyya aikin koyar da babin tsarki. Haifaffiyar Gurbin Bore ce, shan inna ya kama mata hannun hagu tana da shekara huɗu. Da daka da surfe suka fi ƙarfinta sai ta duƙufa karatu, ta yi shekara goma sha ɗaya a gaban wata malama a Ƙaura Namoda.

Idan za ta yi alwala, takan matse buta tsakanin gwiwoyinta ta karkata, ruwa ya zubo a tafin dama. Hannun daman kuwa a gwiwa take cuɗa shi. Haka take nuna wa ɗalibai.

Watanta biyar da fara aiki, magidanta uku suka kai ƙara wurin shugaban makarantar, Malam Armiya'u: matansu sun koma alwala da buta a gwiwa, hannun hagu naɗe cikin hijabi. Nan da nan aka soma raɗe-raɗin wai sabuwar aƙida ce ta shigo ta garin Jangeru. Kwamitin makaranta ya ce in zargin ya tabbata, ranar za ta bar makarantar.

Ran Laraba aka kira ta gaban ɗalibanta. Malam Armiya'u ya ce, "Malama, wagga alwala a wane littafi kinka same ta?"

"Allah gafarta malam, wanda ka karanta shi na karanta. Hannuna ne bai kai naka ba."

"To su masu hannu biyu, mi ya kai su?"

Ita ma sai a lokacin ta ji labarin. Ta juya ga dattijuwar ajin. "Inna Hafsat, wa ya ce ku naɗe hannu?"

"Yo mun ga mai ilimi na yin haka, munka ce tamu ce ta jahilci. Shekara hamsin ina ɓarnar ruwa da hannu biyu!"

Malam bai yi dariya ba. Ya tambayi Malama Mardiyya farillan alwala, ta kawo su bakwai cif. Ya sake tambaya daga ƙarshe zuwa farko, ta kawo.

Ba a sallame ta ba, amma aka hana ta taɓa buta a aji: ita ke bayani, Inna Hafsat ke nunawa. Har zangon ya ƙare, duk ranar darasinta Malam Armiya'u yana kan benci a gindin taga, yana saurare.