Saja Sakiyasi Ukalik, Wanda Aka Haifa a Tsakiyar Teku

Haihuwa da Asali

An haifi marigayi Saja Sakiyasi Ukalik a watan Maris na shekarar 1944, a wani wuri da ake kira Aglulik, a tsakiyar mashigin Ikirak da ke arewacin ƙasar Kanada. Mahaifinsa Angutik maharbi ne, sunan mahaifiyarsa Arnaujak. A kowace taswira Aglulik ruwa ne zalla, amma wata takwas a shekara teku kan daskare ta zama ƙasa, kuma a nan danginsa 'yan ƙabilar Inuit suke gina ɗakunan ƙanƙara su zauna farautar sil, dabbar ruwan da namanta ke riƙe da kowane gida. Da malamin rajista ya zo ƙauyensu Tikiraluk, sai ya duba taswirarsa ya ce ba a haihuwar mutum a cikin ruwa, ya rubuta Tikiraluk. Arnaujak ta yamutsa hanci, wanda shi ne a'a a wurinsu, amma alƙalami ya riga ya wuce.

Karatu

A shekarar 1953 ya shiga makarantar mishan, inda ya yi shekara uku ya fito da karatu da rubutu da ɗan Turancin sayen shayi da harsashi. Ilminsa na haƙiƙa a wurin mahaifinsa ya samo shi, wanda ya haddatar da shi sunayen wurare ɗari biyu da shida da ke kan hanyar ƙanƙara tsakanin Tikiraluk da Umingmalik, ƙauyen da ke ɗaya gaɓar mashigin. Kowane tudu da kowace tsaga tana da sunanta, kuma a jere ake karanta su, domin wanda ya tsallake ɗaya zai iya tsintar kansa a ruwa.

Aure

A watan Yuli na 1965 ya auri Tapisa, 'yar Umingmalik, bayan ya ƙetare mashigin sau goma sha huɗu da karnukansa cikin hunturu ɗaya. An ce a zuwansa na ƙarshe mahaifinta ne ya tare shi a ƙofa ya ce, "Kai ɗan teku, karnukanka sun cinye mana kifi kaf. Ɗauke ta mu huta." Allah ya albarkaci auren da 'ya'ya shida. Babbarsu ta ci sunan mahaifiyarsa Arnaujak, saboda haka har ya bar duniya Inna yake kiranta.

Aikin Sintiri

A shekarar 1971 ya shiga rundunar 'yan ƙasa masu sintirin arewa, aka ba shi jar riga da tsohuwar bindiga da rediyon oba-oba. Aikinsu shi ne zagaya tsibirai, da kafa tuta, da kai rahoton duk baƙon jirgin ruwan da suka gani. Ya sami muƙamin saja a 1980, kuma babu abin da ke sa shi nishaɗi kamar koya wa sojojin kudu gina ɗakin ƙanƙarar da ba zai rufta musu ba. A lokacin gardama ta yi zafi, wasu ƙasashe suna cewa mashigin hanyar kowa da kowa ce, gwamnati tana cewa ruwan cikin gida ne. Shi dai a ganinsa musu ne na mutanen da babu wanda ya taɓa dafa shayi a wurin.

Ranar 9 ga Yuni, 1988, wani baƙon jirgi mai fasa ƙanƙara ya ratsa mashigin ba tare da ya sanar da kowa ba, ya yanke hanyar gida biyu. Mutum goma sha ɗaya na Tikiraluk suka maƙale a ɗaya gefen har kwana takwas, ƙanensa Iksik kuma ya rufta da babur ɗinsa na ƙanƙara a sawun jirgin, aka ciro shi da kyar, ya rasa yatsun ƙafa uku. Daga wannan rana Saja Ukalik ya ɗauki buri ɗaya tak: kada jirgi ya sake taɓa hanyar sai ya tambayi masu ita.

Shaida a Gaban Kwamiti

A watan Oktoba na 1994 aka gayyace shi Ottawa, babban birnin ƙasar, gaban wani kwamitin tsaro da ke muhawara kan ko jiragen yaƙi za a saya ko na ƙarƙashin teku. Da aka ba shi dama, sai ya ɗora yatsa a kan taswira ya fara jero sunayen nan ɗari biyu da shida, har ya kai Aglulik.

Shugaban kwamitin ya ce, "Saja, nan ai ruwa ne."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan uwata ta haife ni. In ruwa ne, to ni kifi ne." Da dariya ta lafa ya ƙara da cewa, "Ku sayi duk abin da ranku yake so. Amma ƙasar nan da kuke neman tsarewa, sawunmu ne shaidarta. Ku dai sa jirgi ya yi sallama kafin ya shigo gidan mutane."

A 1996 aka cim ma yarjejeniya cewa duk jirgin da zai fasa ƙanƙara a Ikirak zai kira rediyon Tikiraluk tukuna. Jirage suka riƙa kira, kuma da yake babu lokacin da aka yi katari da mutane a kan hanya, kullum amsarsa ku wuce. Bai taɓa samun dalilin ce wa jirgi ya tsaya ba, don haka bai san ko sallamar ta gaske ce ko ta ganin ido ba.

Tsufa

Ya yi ritaya a 2009, rediyon ya koma hannun 'yarsa Arnaujak. Sauran shekarunsa cikin kwanciyar hankali ya yi su a bakin taga, yana tsokanar jikokinsa da cewa na'urarsu ta nuna hanya ba ta san sunan ko tsaga ɗaya ba. Lokaci-lokaci yakan ce, "Inna, ran da kika ce su tsaya, kina ganin za su tsaya?" Ita kuma ta ce, "Baba, sha shayinka kafin ya huce."

Rasuwa

Ya rasu ranar 4 ga Yuni, 2019, yana da shekara saba'in da biyar, bayan gajeriyar jinya. Washegari, mutum arba'in na Umingmalik suna kan ƙanƙara za su zo jana'iza, sai wani jirgin dakon ma'adinai ya kira yana neman wucewa.

Arnaujak ta ce, "Ku dakata. Akwai mutane a kan hanya, za su zo binne babana."

Matuƙin ya tambayi har zuwa yaushe.

Ta ce, "Sai sun koma gida."

Jirgin ya yi kwana uku a tsaye. An binne marigayin a kan tudun bayan coci, aka jera masa duwatsu, kuma daga bakin kabarin kowa yana hango jirgin a bakin mashigi, bai motsa ba.

Ya bar matarsa Tapisa da 'ya'ya biyar da suka rage cikin shidan, wato Arnaujak, Levi, Miali, Nutarak da Simiuni, da jikoki goma sha tara. A jikin gicciyen kabarinsa, a gurbin wurin haihuwa, Arnaujak ta rubuta da hannunta: Aglulik.