Tayar da Aminina Ya Sassaƙa

Shekarun da nake jan fasinja daga Kibiya zuwa Kano, ban taɓa sayen taya a hannun kowa ba sai wani mai faci a bakin tashar Rano. Tare muka yi makarantar allo, shi ya yi mini babban aboki ranar aurena. Mahaifiyata, Inna, ɗana take ce masa.

Ni kuwa ina da gwajina. In zan duba taya, sai in soka tsinken ashana a cikin zanenta. In kan ashanar ya nutse, da sauranta. In ya tsaya a waje, ta yi sanƙo, sai canji. Ya sha yi mini dariya a kan haka.

Gab da damina na ce masa tayoyin gaba sun gama. Ya mirgino guda biyu, baƙi wuluk, zane raɗau.

"Mutumina, kai na ɓoye wa. Soka ashanar taka."

Na soka, ta nutse. Na ce ɗaura.

Kwana tara kacal! Na ɗauko Inna daga biki a Fassi, muna tafe a hankali, sai ji na yi fam! Sitiyari ya ƙwace, muka gangara rami. Ni ko ƙwarzane, ita kuwa hannunta na dama ya karye biyu.

Na duba tayar da ta fashe. Tsohuwa ce tukuf. An bi zanen da wuƙa mai zafi an ƙara masa zurfi har kusa da wayar cikin tayar, an shafe ta da baƙin mai.

Na kai masa ita na jefar a gabansa. Ko kunya babu.

"Haba, kowa fa yana yi. Tsautsayi ne."

Kowa? Ni ne kowa? Ya san gwajina sarai, daidai shi ya yanka. Ba ƙaramin ciwo na ji ba, har yau ina ji.

An yi wa Inna ɗori, amma hannun bai koma daidai ba. Ko ludayi ba ta iya riƙewa sosai. Na kasa gaya mata dalilin haɗarin. Duk ranar da zan bi ta Rano sai ta ce, "Ka gaida ɗana, ka ce ya yi wuyar gani." In ce to, Inna.