Yaya Wuta? Sai Godiya

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Sakkwato, mu uku a mota: ni, da direba, da wani abokina tun na makaranta wanda yanzu yake aiki a Abuja tare da wani ɗan majalisa. Shi ya ja ni tafiyar. Maigidansa yana cikin kwamitin da zai zauna da minista ya yi masa tambayoyi kan wutar karkara, kuma cikin ayyukan da aka ce an kammala akwai wutar sola ta wani ƙauye da ke bayan Kajiji. Idan majalisa ta yarda an gama, sai a sallami ɗan kwangila a rufe maganar. Shi ne ɗan majalisar ya ce a je a gano masa da ido kafin zaman. Abokin nawa kuwa a Kano ya tashi, da an wuce filin jirgin Sakkwato bai san gabas ba bai san yamma ba, sai ya tuna da ni.

Ni ma da nawa dalilin. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, a ƙauyen take zaune tun aurenta, kuma ko da mijinta ya rasu ba ta motsa ba. Tana da ciwon suga, kullum sai ta yi allura, allurar kuma ba ta son zafi. 'Ya'yanta sun so su dawo da ita birni, ta ce ita da ɗakinta da awakinta sai mutuwa. Da aka kawo sola aka sa firji a ɗakin shan maganin garin, sai suka ƙyale ta bisa sharaɗin a can za a riƙa ajiye mata maganin. Ga bazara ta kunno kai. Duk lokacin da muka same ta a waya, kuma samunta aiki ne, lafiya lau take ce mana.

A Bodinga muka karya kumallo. Masa mai zafi, ƙosai, da shayin da mai shi ya zuba wa madara kamar yana jin tausayinta. Da na yi ƙorafi sai ya nuna mini tukunyar gas ɗinsa da haɓa, ya ce in fara tambayar waccan nawa ta ci. Na shanye abina. Gefen titi duk buhunan albasa ne jajaye an jera ana jiran motocin Kudu, warinta ya cika motarmu har abokina ya fara share ido. Direba ya ce masa ya yi haƙuri, a nan wannan shi ne turare.

Ɗan gaba kaɗan muka wuce ta Sifawa. Direba ya rage muryar rediyo ba tare da kowa ya ce masa ba, kamar yadda mutanenmu suke yi idan sun zo daidai garin malamai. Daga nan zuwa Shagari abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne injinan ban ruwa a fadamu. Tun da aka cire tallafin mai, manoma da yawa sun juya injinansu zuwa gas, sai ka ga tukunyar gas ta girki a tsakiyar gonar albasa da tiyo a bakinta. Masu ɗan hali kuma sun kafa farantan sola. Abokina ya yi ta ɗaukar hoto yana cewa wannan ya kamata majalisa ta gani. Na ce masa su manoman ba su jira majalisa ba.

A Kajiji muka bar mota da direba, don hanyar da ta rage ta babur ce. 'Yan kabu-kabu suka yanka mana kuɗi, muka yi ciniki, suka ce mu je gidan mai mu yi cinikin a can. Muka biya. Wanda ya ɗauke ni yana da wata jakar leda rataye a hannun babur, cike da ƙananan wayoyi, kowace an ɗaura mata zare ko tsumma mai launi. Na ɗauka sayarwa yake yi, har na yaba masa a raina da neman na kai. Hanya rairayi ce, ga shanu suna tsallakawa ba gaggawa, mu kuma muna tafe muna salati a kowane gangare.

Tun daga nesa muka hango farantan solar a bayan gari, an kewaye su da waya, suna walƙiya a rana. Ga turaku tsaye, ga wayoyi sun shiga masallaci sun shiga ɗakin shan magani. Gaskiya abin ya burge ni. Muka sauka a zauren maigari, aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da nono wadda rabon da in sha irinta har na manta. Dattawa suka taru.

Abokina ya gyara zama ya kunna bidiyon wayarsa, ya fara gaisuwa yadda ya kamata. Ya tambayi iyali, aka ce lafiya lau. Ya tambayi zafi, aka ce lokacinsa ne. Ya tambayi aikin albasa, aka ce da godiya. Sai ya ɗora a kai da murya ɗaya: "To ranka ya daɗe, yaya wuta?"

Maigari ya ce, "Sai godiya." Dattawa suka amsa baki ɗaya, sai godiya.

Ya fita ya sami liman, ya sami wani tela a rumfarsa yana taka keken ɗinki da ƙafa, ya sami mai jiran ɗakin shan magani a bakin ƙofa. Duk wanda ya ce wa yaya wuta, sai ya amsa masa da sai godiya. Abokina ya dawo yana murmushi, ya ce aiki ya yi kyau, ashe akwai inda gwamnati ta cika alkawari. Ni ma na ji daɗi har cikin raina. Na ce ya jira ni in shiga in gaida Gwaggo mu kama hanya.

Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake. Ta rame, amma bakin nan yana nan daram. Ta yi mini faɗan rashin zumunci, ta tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya. Muna cikin hira na ga wayata ta kusa mutuwa, sai na ce ta nuna mini inda zan sa caji. Ta dube ni ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce in ina son caji in ba yaron da ya kawo ni, shi ke kai wayoyin gari Kajiji ya dawo da su. Tata ce mai jan zare.

Na ce to wutar fa? Ta ce wuta ta yi musu kirki farkon zuwanta, sannan wata rana akwatin da ke cikin ɗakin batura ya yi ƙara ya yi hayaƙi, tun kafin a dasa albasa. Daga ranar ko ƙyaftawa ba ta sake yi ba. Na ce allurarki fa? Ta tashi ta ja ni ɗaki, ta nuna mini wata 'yar tukunyar ƙasa da ta binne cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. A ciki kwalaben maganin suke, an naɗe su da tsumma. Ta ce da sanyi dabarar tana yi, amma kwanakin nan in ta yi allurar ba ta jin ta kama jikinta kamar da. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na san zafin da ke tafe.

Na ce, "Gwaggo, amma yanzun nan maigari da liman suka ce mana sai godiya."

Ta ce, "Mi kunka ce musu?"

Na ce mun ce yaya wuta.

Ta ce, "To ai gaishe su kunka yi. Wanda anka gaisas, mi za shi cewa? Kai ma kullum gaishe ni kaka yi ga waya. Wa at tambaye ni?"

Na fita na kira abokina gefe na gaya masa. Da farko ransa ya ɓaci, ya ce ashe ɓoye masa suka yi. Na ce babu wanda ya ɓoye masa komai. Shi ya jera wutar a layi ɗaya da iyali da zafi da aiki, su kuma suka ba shi amsar da ake ba baƙo. Sannan ya ce yanzu ya gane yadda aka yi rahoton da ke hannun majalisa ya ce jama'ar gari sun nuna godiyarsu. Duk wanda aka turo kafin mu, gaisuwa ya yi ya koma.

Muka koma zaure. Abokina ya durƙusa sosai ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗazu gaisuwa muka yi. Yanzu tambaya ce. Yaushe rabon da fitilar masallaci ta kama?"

Maigari ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa. Sai ya ce tun da tambaya ce, zai ba da amsa. Ya faɗi ranar da akwatin ya ƙone, da yadda suka aika wa ɗan kwangila saƙo aka ce ana zuwa, da yadda allurar rigakafin yara ta koma sai an ɗauko daga Shagari. Abokina ya ce me ya hana su kai kuka? Maigari ya ce, "Abin ga ba mu roƙa ba anka kawo muna. Mun ji kunyar mu kai ƙarar wanda ya yi muna alheri." Aka buɗe mana ɗakin batura muka ga akwatin ya yi baƙi, aka buɗe firjin ɗakin shan magani muka tarar da takardu da kwalin auduga a ciki. Abokina ya goge bidiyon farko ya ɗauki sabo.

Kafin mu tafi na roƙi Gwaggo ta biyo ni birni ko na ɗan lokaci. Ta ƙi. Iyakar abin da ta yarda da shi, a mayar da kwalaben wurin wani mai shagon magani a Kajiji da ke da firji, mai babur ya riƙa kawo mata tare da wayarta. Ta cika mini leda da albasa da kuka, ta ce in gaida mutanen Abuja.

Mun shigo Sakkwato bayan la'asar, jiki duk ciwo, mota tana warin albasa. Na ƙi rubuta labarin nan a lokacin don ina so in ga ƙarshensa. Bayan zaman kwamitin abokina ya kira ni yana dariya. Ya ce da maigidansa ya kawo maganar ƙauyen, minista ya fara da godiya ga majalisa, ya gode wa shugaban kwamiti, ya gode wa jama'ar karkara bisa haƙurinsu. Maigidan ya bari ya gama, sannan ya ce shi ba gaisuwa ya yi ba, tambaya ya yi: yaushe rabon da firjin garin ya yi sanyi? Ya nuna bidiyon. Abin da ya burge ni, ministan bai yi musu ba. Ya ce bai sani ba, kuma ba za a sallami ɗan kwangilar ba sai ya gyara.

An ɗauki makonni, har na fara cire rai. Kuma ba duka aka gyara ba, tela har yanzu da ƙafa yake taka kekensa, layin masallaci da na ɗakin shan magani kawai aka tayar. Duk da haka ina godiya ga Allah, ina godiya ga ɗan majalisar da ya ce a je a gani, da maigarin da ya daure ya faɗi abin da yake jin nauyin faɗa. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne mutanenmu ba sa ƙarya, amma ba sa kai kuka a cikin gaisuwa. Mai son jin gaskiyarsu, ɗan majalisa ne ko ɗan'uwa, sai ya gama gaisuwar tsaf sannan ya yi tambaya.

Jiya na kira Gwaggo, bugu ɗaya wayar ta shiga. Muka gaisa, na tambayi awaki, na tambayi zafi. Ta ce kwalabenta sun koma firjin gari, har an ba ta ruwan sanyi ta sha ya sa mata mura. Na ce to yaya wuta? Ta ce sai godiya. Na ce, "Gwaggo, wannan gaisuwa ce ko amsa?"

Ta ce, "Amsa ta, ɗan nan."