Mai Shari'a da Babin Ƙarshe

Yayata ba ta iya yin shiru a gaban fim ba, kuma ba ta taɓa yin kamar za ta koya ba. Da an nuna gawa, tun ɗan sanda bai gama tambayar mutanen gidan ba, za ta nuna talabijin da leɓe ta ce wancan ne, mai farar rigar. In ka ce ta bari a kalla, sai ta ce ai kallon take yi, kai ne ka zauna kamar an jingine ka. Mijinta, Allah ya jiƙansa, shi ya sa mata Mai Shari'a, sunan kuwa ya bi ta har bakin jikoki.

Aikin buga takardu ta yi a wani ofis har ta yi ritaya. A aljihun teburinta, ƙarƙashin tafireta, ba a rasa littafin kisa da bincike, bangonsa naɗe da tsohuwar jarida don kada maigidan ofis ya gani. Tana da dokokinta, kuma ba ta jiran a tambaye ta. Marubucin da ya fito da baƙo a shafin ƙarshe ya ce shi ne mai kisan, ɓarawo ne. Fim ɗin da kiɗa ke canzawa da zarar mugu ya shigo ɗaki, raina hankali ne. Jini mai yawa kuma, a cewarta, alama ce ta mai labari ba shi da abin faɗa. Ni da nake fara leƙa shafin ƙarshe kafin in soma karatu, ta ce da ni da mai satar amsa a jarrabawa uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Na ce mata to ai da ke ma haka ne.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, Yaya tana yawan kuskure, kuma kuskuren ya fi mata daɗi. In marubuci ya kayar da ita, sai ta koma baya tana buɗe shafuka har ta gano layin da ta tsallake, ta buga cinya ta ce wannan ɗan halak ne, a gabanta ya ajiye abin ta wuce.

Da tsufa ya zo, ta ido ya shigo mata. Aka yi ta ɗiga magani, aka yi aiki, duk da haka gani ya tafi, sai ɗan haske da inuwa. Ba ta yi kuka ba. Abin da take tsoro daban ne. Mahaifiyarmu ta ruɗe kafin ta rasu, tana ɓoye takalmi a tukunya, tana tambayar mu su wane ne. Yaya ce ta yi jinyarta har ƙarshe, ta ga komai. Ta ce mini ido ya tafi ya tafi, ita hankalinta take gadi yanzu.

Littattafan nan suka zama ma'auninta. Autarta, malamar makaranta ce, gidan aurenta ba nisa. Kullum in ta taso daga aiki sai ta biyo, ta ajiye jaka a kan kujerar da ke bakin taga, ta karanta wa uwar. Kafin babin ƙarshe Yaya takan ɗaga hannu a tsaya, ta faɗi wanda take zargi da dalilanta, sannan a ƙarasa. In ta riƙe sunaye da wanda ya shiga ɗaki da wanda ya yi ƙarya, to kai yana nan.

A farkon wannan zama, wata rana ta kuskure, ta kuma haɗa sunan mutum biyu ta mayar da su ɗaya. Yinin nan ba ta ci abinci ba, ta juya fuska bango. Daga ranar Yaya ba ta sake faɗuwa ba. Duk wanda ta nuna, shi ne. Har dalilan da mai bincike ke jerawa sukan zo daidai da nata. Ta yi ta cika baki a gaban baƙi, ta kuma shiga zagin marubutan zamani, wai sun zama ragwaye, makauniya ma tana kama su tun daga tsakiya. Ni dai na ɗauka rashin ido ne ya wasa mata kunne.

Mijin Auta mai gyaran firji ne, mutum mai kunya, ba ya haɗa ido da suruka. Wata Asabar da rana ya zo da fim, ya ce daga ɗaya cikin littattafan Mama aka yi shi, labarin wani mai otal da aka tsinta a mace a ofishinsa. Muka zauna a falo, ni ina gaya mata abin da ake nunawa, Auta tana kicin. Tun ba a je ko'ina ba Yaya ta ce mu yi haƙuri za ta ɓata mana, kuku ne ya kashe shi, ita ta kama shi tun a littafi.

Fim ya ƙare a kan likitan mamacin. Yaya ta gyara zama ta fara. Ta ce 'yan fim ba su da amana, sun sayi labarin mutum sun yanka masa wutsiya, an ɗauki laifin kuku an ɗora wa likita don kawai mai fitowa a likitan ya fi kyan fuska. Surukin yana ta murza makullin motarsa. Can ya ce, kansa a ƙasa:

“Mama, ku gafarce ni, ai a littafin ma likitan ne. Na ɗauke shi na karanta a shago.”

Ta ce ya dai manta. Ya ce bai manta ba, kukun ma tun kafin ƙarshe aka wanke shi. Auta tana tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Yaya ba ta ganinta, amma ta ji isowarta.

“Auta, wa ya kashe mai otal?”

“Likita ne, Umma.”

“Tun yaushe kike yi mini haka?”

Auta ta ajiye tiren ta durƙusa. Ta ce tun ranar da uwar ta ƙi cin abinci. Takan karanta ƙarshen ita kaɗai tukuna, in ya saɓa sai ta musanya suna, ta ɗauki dalilan uwar ta sa a bakin mai bincike. Ta ce ba ta iya sake ganinta tana kallon bango ba ne. Yaya ta tambaya ko kowane littafi aka yi wa haka. Auta ta ce a'a, wasu da gaske ta ci. Yaya ta ce waɗanne. Auta ta ce ita ma sun cakuɗe mata.

Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce:

“Ashe maganata kike dawo mini da ita ina tafa wa kaina. Haka muka riƙa yi wa kakarki. In ta ce yau Juma'a, mu ce Juma'a ce. Ke kin riga kin yanke mini hukunci, ba ki dai gaya mini ba.”

Ni ban ga laifin surukin ba, ko da yake matarsa ta daɗe ba ta yi masa magana mai daɗi ba. Auta kuwa tausayi ne ya sa ta, na sani, amma ban taɓa ce mata ta yi daidai ba. Mutum yana da abu ɗaya da yake auna kansa da shi, ka je ka taɓa masa ma'aunin.

Na ɗebo littattafan daga kan shiryayye na yi ta karanta mata ƙarshensu yadda aka rubuta. Wasu sun zo daidai da abin da ta faɗa, da yawa ba su zo ba. Wasu kuma ta kasa tuna wa ta zarga, kuma ba mai shaida sai Auta. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali. Muka kai ta asibiti, likita ya yi mata tambayoyi ya ce kanta lafiya lau gwargwadon shekarunta. A mota ta tambaye ni ko Auta ta riga mu shiga wurinsa.

Ba ta kori 'yarta ba. Auta ta ci gaba da zuwa, ta ɗiga mata magani, ta yanke mata farce, ta wanke mata kai. Yaya tana yi mata godiya irin wadda ake yi wa baƙuwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka. Auta ta ce mini da zagi ne da ya fi mata sauƙi. Baƙi kuma suka daina jin cika baki. In an kunna fim Yaya takan buɗe baki, sai ta rufe.

Ta ɗauki lokaci ba ta nemi karatu ba. Ranar da ta nema, ta sa aka tara mu a ɗakinta, ni da Auta da mijin Auta da wata maƙwabciya da ta yi aikin jinya. Ta ce an kawo mata sabon littafi, kuma tana so ta san inda kanta yake, ko da labarin ba mai daɗi ba ne. Na miƙa hannu zan karɓa, ta riƙe shi a cinyarta.

“Ku riƙa zuwa ku biyu,” ta ce. “Ɗaya ya karanta, ɗaya ya zauna kusa ya bi layin da ido. Kuma don Allah kada biyun su fito daga gida ɗaya.”