Ranar da Na Saki Mai Gashina Ya Tafi Gayya

Shekarar da ma'aikata suka yi ta zubewa daga gidajen biredin Keffi, wasu Abuja wasu tuƙin keke, ƙungiyarmu ta masu biredi ta kafa doka: duk ma'aikacin da ya tafi gona da damina, kada wanda ya sake ɗaukarsa. Wai tsoro ne zai zaunar da su. Na yi dariya a wajen mitin ɗin, ciyaman ya harare ni.

Mutumin da ke riƙe da murhuna a Sabon Gari magidanci ne ɗan garin Panda. Idan ya bar ni, sai dai in sa kwaɗo a ƙofa, don babu wani mai gashin biredi da zan samu. Ruwa na sauka ya zo ya tsaya, hula a hannu.

"Mama, abeg, gayyar huɗar doya ta zo kanmu. In ban je gonar mutane ba, ba mai zuwa tawa. Yarana doyar nan suke ci."

"Tafi," na ce. "Murhunka na jiranka."

Na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Ni na koma bakin wuta da tsufana, biredi ya riƙa fitowa rabi baƙi rabi ɗanye. Masu shayin unguwar Yara suka ce ko gawayi na koma sayarwa. Ga kuma labari ya iso ni cewa wani gidan biredi a Abuja na zawarcin mai gashin nawa.

Ciyaman ya tako har shago. "Hajiya, ke za ki lalata mana ma'aikata. In ya dawo, ki kore shi."

"Alhaji, kai ka gina mini murhun? Mutum ba buhun fulawa ba ne da zan jingine shi a lungu in ce kada ya motsa. Ku cire ni daga ƙungiyar."

Suka kuwa cire ni.

Da aka gama huɗa, wata safiya na tarar da hayaƙi na tashi tun kafin in buɗe ƙofar gaba. Mai gashina ne ya dawo, tafin hannunsa duk kanta, ga ƙannensa biyu a bayansa suna neman aiki. A gonar gayya ya ba su labarina. Na ɗauke su duka biyu. Na shige ɗakin fulawa na share hawaye.

Kafin kaka murhun ciyaman ya mutu, don waɗanda ya kora babu wanda ya waiwaye shi. Ya zo da sallama mai taushi, wai in ara masa mutum ɗaya.

"Ɗauki ƙaramin ƙanen," na ce. "Amma ka sani, ran girbin riɗi zai tafi gida, kuma kai za ka riƙe masa murhun har ya dawo."