Mu 'Yan Keke da Darasin Ƙarfe Takwas

A ƙarshen shekarata ta aji huɗu a sakandare, gwamnatin jiha ta yi mana jarrabawar bai-ɗaya, irin wadda ake aiko takardunta daga Katsina, a kwashe amsoshin a tafi can a yi maki. Da sakamako ya dawo, shugaban makarantarmu bai tsaya ga jera sunaye ba. Mutum ne mai son tsari har ya wuce kima. Ya sa aka raba mu rukuni-rukuni a allon sanarwa: 'yan kimiyya daban, 'yan adabi daban, sannan 'yan cikin garin Daura a gefe guda, mu masu zuwa daga ƙauyuka a ɗaya gefen. A Hausa da addini da tarihi babu wanda ya tsere wa wani sosai. A lissafi kuwa layinmu na 'yan ƙauye jan biro ne daga sama har ƙasa, kuma sunana yana ciki.

A wajen asambali shugaban ya ɗaga takardar ya ce shi dai bai san abin da ake ci a ƙauye ba da yake toshe kan yara haka. 'Yan gari suka kwashe da dariya. Dama 'yan keke suke ce mana, daga ranar suka ƙara da 'yan sifiri. Ni kuwa tun ina ƙarami ba ni da haƙuri. Kafin a tashi na yi dambe da wani ɗan ajinmu a bayan ɗakin gwaje-gwaje, ya yaga mini aljihu, na fasa masa leɓe, kuma duk wannan bai ƙara mini maki ko ɗaya ba.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Sandamu. Muna da shanun huɗa guda biyu, ni ne babban ɗa namiji, saboda haka shayar da su aikina ne. Bayan sallar asuba sai in kora su rijiya, in bi layin guga, in dawo in zuba musu harawa, sannan in wanke ƙafa in hau keke. Idan yashi bai riƙe taya ba, kuma ƙaya ba ta huda ta ba, nakan iso ƙofar makaranta takwas ta gota. A nan malamin horo yake tsaye kullum, dogo siriri mai hular hana-sallah a kai, da dorina a hannun dama da wani baƙin littafi a hammata. Tarihi yake koyarwa, amma mu da ƙofa muka san shi. Zai rubuta sunanka, ya nuna maka bokiti ko tsintsiya, ka yi ta ban ruwan itatuwa da tsintar leda har a kaɗa ƙararrawar ƙarshen darasin farko. Na tsani mutumin nan tsana ta gaske, ba zan ɓoye ba.

Babana bai yi boko ba, amma ya san ja a takarda ba alheri ba ne. Ya kuma ji cewa a aji biyar akwai jarrabawar share fage, wadda sai wanda ya ci ta gwamnati take ɗaukar nauyin jarrabawarsa ta fita. Ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Ka ji ni da kyau. In ka ci ta baɗi, ka ci gaba. In ka faɗi, ba zan sayar da sa don a rubuta mini wani jan ba. Sai ka bi kawunka kasuwar dabbobi, can ma ana cin abinci." Bai ɗaga murya ba, kuma babana ba ya maimaita magana. Ina son karatu, ina son in zama malamin asibiti, ga shi shekara ɗaya ta rage mini, kuma ni kaina na fara yarda cewa kan nawa ne ba ya ja.

Da muka dawo hutu takardar sakamakon nan tana nan a allo, ta fara yin ruwan ƙasa. Wata safiya ina jan bokiti sai na hango malamin horo a gabanta, ya buɗe baƙin littafinsa, yana bin allo da yatsa yana komawa littafi. Ya daɗe a haka. Can ya juyo ya yafito ni.

"Kai, zo nan. Ƙarfe nawa ake muku lissafi?"

"Darasin farko, Malam."

"Ran yaushe da yaushe?"

"Kullum, Malam."

"Bara fa?"

"Bara ma haka ne."

"To a bara sau nawa ka zauna aka yi da kai?"

Na tsaya ina tunani, don ban taɓa ƙirgawa ba. Na ce, "Ranakun da aka yi ruwa da asuba, Malam. Ran nan ba a kai shanu rijiya."

Ya kalle ni, ya rufe littafin, ya ce in ci gaba da aikina.

A wancan lokacin kowa ya yarda cewa lissafi da sassafe ake yin sa, kafin rana ta yi zafi kai ya ɗauki ɗumi. Haka kuma kowa ya yarda cewa wanda ya makara sai an hore shi nan take. Duka biyun gaskiya ne a wajen masu su, sai dai babu wanda ya taɓa haɗa su wuri ɗaya ya duba.

Itatuwan da aka ba ni in shayar ranar suna ƙarƙashin tagar ofishin shugaba, shi ya sa na ji abin da ya faru, kuma na rage saurin ban ruwan da gangan. Malamin horo ya yi sallama ya ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan da aka ce ba su da kai, sunayensu ne a littafina, ɗaya bayan ɗaya. Ba su faɗi lissafi ba, ba a koya musu ba ne. Ni na tsare su a ƙofa." Shugaba ya ce wannan ba laifin Malam ba ne, doka ce. Malam ya ce, "Doka ce, amma hannuna ne ya rubuta. Ga shi yanzu ko'ina maganar shari'a ake yi, ana ta wa'azin haƙƙi. Ni haƙƙin yaran nan nake tsoro." Ya roƙa a mayar da lissafi bayan ƙarfe tara. Shugaba ya ce ba zai yiwu ba, malamin lissafi ɗaya ne, kuma da hantsi yake wucewa wata makarantar da ita ma ba ta da kowa. Sai na ji Malam ya ce, "To ni zan canja nawa lokacin."

Kada wani ya zaci yafe mana ya yi. Washegari da muka iso, ya rubuta sunayenmu kamar kullum, ya nuna aji da dorina ya ce, "Da gudu! Mu haɗu ƙarfe biyu." Horon da muke yi da sanyin safiya ya koma tsakar rana, bayan an tashi, 'yan gari suna wucewa gida cin tuwo suna ɗaga mana hannu. Abokin tafiyata, wani ɗan ƙauyen gaba da namu da muke jera kekuna, ya ce wallahi gara na da. Ni ma haka na ce, har da ƙari.

Shiga ajin ma bai zo da daɗi ba. Malamin lissafi yana ɗora sabon gini a kan na bara, mu kuwa ba mu da na baran. Sai mu zauna a baya muna kallon allo kamar an kai mu wani gari. Bayan sati biyu malamin horo ya lura, ban san ta yaya ba. Wata rana da ƙarfe biyu ta yi, maimakon tsintsiya sai muka tarar da tulin littattafan rubutu a ƙarƙashin darbejiya. Ya bi 'yan gari masu ƙoƙari ya karɓo littattafansu na aji huɗu, da lallami ko da dorina, Allah ya sani. Ya ce daga yau horonmu shafi uku ne kullum, bayan mun yi sallar azahar. Na ce, "Malam, ko mun kwafa ba ma ganewa." Ya ce, "Ni ma ban san abin da ke ciki ba. Ka kwafa, inda ya ɗaure maka ka yi masa alama, gobe ka kai wa mai shi." Yana zaune a kan benci yana ƙirga shafuka, ko harafi ba ya dubawa, amma idan ka tsallake layi sai ya gane daga saurin gamawarka. Shi ma yunwar yake ji kamar mu, kuma gidansa yana can bayan rijiyar Kusugu, a ƙasa yake tafiya.

Haka muka yi zango uku. Wani lokaci can cikin zango na biyu na fara gane abin da ake faɗa a aji, kaɗan-kaɗan, har wata rana na ɗaga hannu na ba da amsa, ta kuma zama daidai. Yaron da na fasa wa leɓe ya juyo ya kalle ni. Littafinsa ne ma nake kwafa, kuma rubutunsa yana da kyau, ban taɓa gaya masa ba.

Da sakamakon share fage ya fito, shugaba ya sake raba mu kamar bara. 'Yan ƙauye ne dai a ƙasa a lissafi, amma jan ya ragu ƙwarai, har shi da kansa ya faɗa a asambali ba tare da barkwanci ba. Ni na haye da ƙyar, maki kaɗan ne ya raba ni da faɗuwa. Abokin tafiyata bai haye ba. Yau awaki yake sayarwa, ya fi ni rufin asiri, amma har yanzu in na tuna yadda ya juya daga gaban allon nan sai raina ya ɓaci. Da an duba baƙin littafin nan shekara ɗaya kafin lokacin, da da shi muka gama.

Na sami malamin horo a ƙofa na ce na zo godiya. Ya ce, "Godiyar me? Shekara guda na cinye maka, rabi na mayar." Na yi malamai da yawa bayansa, waɗanda suka fi shi ilimi nesa ba kusa ba, amma babu wanda nake sa wa albarka kamarsa, Allah ya saka masa da alheri.

Da yamma na kai wa babana takardar. Ya juya ta gaba da baya yana neman ja, bai samu ba. Ya ce, "An bar ka ka rubuta ta fitar ke nan?" Na ce eh. Sai na ba shi labarin duka, tun daga ƙofa har darbejiya, abin da ban taɓa yi ba don kada ya ga kamar ina ƙorafin aikin gida. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Wato duk shekarun nan shanuna ne suke hana ka darasin." Na ce a'a, Baba, ba haka nake nufi ba.

Washegari da na dawo daga masallaci na nufi turke, na tarar babu shanu, babu guga. Na leƙa waje, na hango babana can kan hanyar rijiya yana bin su a hankali, yana ɗingisa ƙafarsa mai ciwon gwiwa. Na bi shi da gudu na ce ya kawo igiyar. Ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Hau kekenka."