Majinar Akuya a Madubin Likita

Shekarar da aka kawo wa makarantarmu ta Keita madubin likita, wanda ake ganin ƙananan halittu da shi, kawuna ya ɗauka na zama likitan duniya. Ni kuwa malamin kimiyya ne kawai. Wata ranar kasuwa sai ga shi daga Garhanga da majinar akuya cikin gwangwanin tumatir. Akuyarsa ɗaya ke tari da zawo, ya ware ta daga garke, yana so in gano masa ƙwayar cutar.

Don kada ya ce na raina shi, na ɗiga, na duba. Sai na yi masa bayani cewa irin ƙwayar da nake zargi ta fi ƙarfin wannan madubi. Haske tafiyar igiyar ruwa yake yi. In ya ratsa ƙaramar kafa sai ya bazu, kamar ruwan sama tsakanin duwatsun da ake jerawa a gona. Abin da ya cika ƙanƙanta kuwa kewaye shi yake yi, sai a ga dishi-dishi, ko ma a rasa ganin komai.

"To, ƙara mai ƙarhi mana," in ji shi, yana miƙo mini tabaransa. "Aza lunetina bisa."

"Kawu, ko luneti ɗari anka aza, dishi-dishin ka ƙara girma. Iyakar haske ta. Ka kai ta ga likitan bisashe, kuma kak ka gama ta da saura."

"Kai dai hwaɗa mani, ka gani ko ba ka gani ba?"

"Ban gani ba, amma..."

Ya riga ya ɗauki sandarsa. Haushi ya cika ni. Na bi shi har tasha ina ta jan "amma" ɗin nan, shi kuwa yana ta sa mini albarka.

Yana isa gida ya shaida wa kowa cewa ɗan ƙanwarsa ya duba da na'urar Turawa, babu komai. Ya saki akuyar cikin 'yan'uwanta. Kafin a yanke gero garken ya zube.

Da na je jaje, na tafi da bakina cike da faɗa. Ya kama hannuna ya kai ni bayan gida, inda turaku ke tsaye da igiyoyinsu a ƙasa.

"To, ɗana," ya ce, "yanzu ka gani?"